Ajin Ruhu Mai Tsarki a Agege, daga Ista zuwa Fentikos

Talata, 22 ga Afrilu 2025

Baba Rabaran ya ɗora min aikin koyar da aji na musamman kan Ruhu Mai Tsarki a sashen Hausa na ikilisiyarmu da ke nan Agege, kowace Lahadi bayan sujada, daga mako mai zuwa har ranar Fentikos, ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki, 8 ga Yuni. Abin da ya jawo shi ne tambayoyin da dattawa suka yi wa masu neman baftisma kafin Ista, da aka tambaye su wanene Ruhu Mai Tsarki kusan dukansu suka ce "ikon Allah ne", wata yarinya ma ta ce wuta ne, babu wanda ya buɗe baki ya ce Allah ne. Baba ya ce ba laifin yaran ba, abin da suke ji a talabijin da cikin danfo ke nan.

Tsarin dai abu uku ne: ajin kansa, ɗan ƙaramin littafi da Hausa mai sauƙi da kowa zai tafi da shi gida, sai kuma rikodin na murya a WhatsApp saboda 'yan'uwanmu masu gadi da ke diyuti ran Lahadi, don kusan rabin mazanmu ko gadi suke yi ko lodi a kasuwa. Kwamiti sun ba da ₦40,000. Na san ba zai kai ba amma bari mu fara.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Mun fara. An zauna a benci huɗu na baya, mutum 23 har da Mama Uwar Zumunta da Dattijo ɗaya da aka turo ya sa ido. Na buɗe da Ayyukan Manzanni sura 19, inda Bulus ya tarar da waɗansu almajirai a Afisa ya tambaye su ko sun karɓi Ruhu Mai Tsarki, suka ce su ko jin labarinsa ma ba su taɓa yi ba. Na ce mu a Legas matsalarmu ta bambanta, mun ji labarinsa har ya yi yawa, kowane allon talla daga Pen Cinema zuwa Oshodi yana kiran sunansa, amma ko mun san shi?

Wani ɗan'uwa mai gyaran waya a Ikeja ya ɗaga hannu ya ce shi fa yadda ya gane, Ruhu Mai Tsarki kamar wutar NEPA ne, Allah na can sama shi ne mai tashar, ya turo wuta, wani layi ya samu da ƙarfi wani ya samu rabi, wani kuma an yanke masa saboda zunubi. Aka yi ta dariya amma kawuna da yawa sun kaɗa, kenan ya faɗi abin da ke ran mutane. Na rubuta maganarsa a gefen allo na ce kada a goge, ita za mu yi ta aunawa da Littafi Mai Tsarki har mu gama.

Laraba, 30 ga Afrilu

Maka biyu da dasta ₦2,200, rim ɗin takarda rabi ₦3,000, data ₦3,000. Na fara buga darasi na ɗaya da na biyu a waya.

Lahadi, 4 ga Mayu

Yau batun shi ne cewa Ruhu wani ne mai rai da nufi da magana. Na raba ayoyi ga mutane su karanta da bakinsu don ban so a ce ra'ayin malam ne. Afisawa 4:30, kada ku ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai. Ayyukan Manzanni 13:2, a Antakiya suna cikin sujada da azumi Ruhu ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu domin aikin da ya kira su, shi ya yi magana kuma shi ya kira. 1 Korantiyawa 12:11, yana raba baiwa ga kowa yadda ya ga dama. Romawa 8:26, yana yin roƙo dominmu lokacin da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba. Na juya ga mai gyaran waya na ce Yaya, ka taɓa ɓata wa wutar lantarki rai? Ya ce a'a Malam, ita ce dai ke ɓata min.

Inda ajin ya yi zafi shi ne kan Saminu mai sihiri a Samariya, Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ya ga manzanni na ɗora hannu mutane na karɓar Ruhu sai ya zaro kuɗi ya ce a sayar masa da wannan iko, Bitrus ya ce masa kuɗinka su hallaka tare da kai. Nan take wata 'yar'uwa mai sayar da abinci ta ba da labarin wani wurin addu'ar dare da ƙawarta ta ja ta, aka ce wanda ke son cikar Ruhu ta musamman ya fito da ₦5,000 a ba shi ƙaramar kwalbar mai, masu ₦2,000 su tsaya layi na baya. Ta ce ta ji kunya ne kawai ta bayar. Ni dai a ganina nan ne tushen abin gaba ɗaya. Muddin mutum ya ɗauka Ruhu wani ƙarfi ne kawai, to zai nemi yadda zai samu da yawa ya yi amfani da shi, kuma dole a samu dillalai. In kuwa Allah ne, ba a sayensa ba a aikensa, shi ne ke aiken mutum. Na faɗi haka a aji, Dattijo bai ce komai ba amma na ga ya rubuta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Rikodin ɗin Lahadi bai yi ba sam. Yaron da na ba wa wayar ya ajiye ta a tagar da ke kusa da janareta, abin da ake ji sai gurnanin inji da ganguna daga majami'ar da ke maƙwabtaka da mu, muryata can ƙasa ƙasa. Masu gadi biyu sun kira suna tambaya ina saƙon. Na gwada sake yi a ɗakina da dare, sai ga maƙwabci ya tada nasa janareton, yara na kuka, mai gidan haya na faɗa da wani kan kuɗin shara. Daga ƙarshe da asuba na yi kafin layin ya farka, na rufe ƙofa da taga na zauna a ƙasa kusa da katifa don ta shanye ƙara, zufa kuwa ba a magana. Na yanke shi gajeru gajeru, minti shida shida, don data ɗin mutane.

Lahadi, 11 ga Mayu

Darasi mafi nauyi, cewa Ruhu Mai Tsarki Allah ne. Mun fara da Hananiya da matarsa Safiratu, Ayyukan Manzanni 5, suka sayar da fili suka ɓoye wani kaso. A aya 3 Bitrus ya ce ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, a aya 4 kuma ya ce ba mutane ya yi wa ƙarya ba, Allah ya yi wa. Na sa aka karanta ayoyin biyu a jere sau da sau har kowa ya ji da kunnensa. Daga nan muka bi abubuwan da Allah kaɗai ke da su mu ga ko an faɗe su game da Ruhu. Zabura 139:7, babu inda mutum zai gudu ya tsere wa Ruhunsa. 1 Korantiyawa 2:10-11, yana bincika har zurfafan al'amuran Allah, kuma ba wanda ya san tunanin Allah sai shi. Ibraniyawa 9:14 ta kira shi madawwami. Farawa 1:2, yana nan tun kafin a yi haske. Sai kuma wanda ya fi burge ni ni kaina, a Ishaya sura 6 Ubangiji ne ya aiki annabin da saƙo, amma da Bulus ya kawo wannan saƙon a Roma, Ayyukan Manzanni 28:25, cewa ya yi Ruhu Mai Tsarki ne ya yi magana ta bakin Ishaya.

Na ƙara da 1 Korantiyawa 3:16 da 6:19, wuri ɗaya ya ce mu haikalin Allah ne, ɗayan ya ce jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Bayahude irin Bulus ba zai taɓa gina wa mala'ika ko wata halitta haikali ba ko da a magana ne.

Sai Dattijo ya gyara murya. Ya ce Malam, duk na ji kuma na yarda, amma me ya sa sai an yi ta haɗa aya da aya, me ya hana a rubuta shi ɓaro ɓaro a wuri ɗaya kowa ya huta? Kuma in Allah ne, ya halatta in durƙusa in yi addu'a gare shi kai tsaye ko kuwa? Na ce Baba, a ba ni mako biyu, tambayar ta tsufa ƙwarai, waɗanda suka riga mu sun sha fama da ita. Ya ce yana jira.

Asabar, 17 ga Mayu

Yau na ga ta kaina a bizines santa. Na tura wa yarinyar da ke kan kwamfuta shafi 12 na farko ta WhatsApp, ta jera su tsaf ta sa kan magana da lambar shafi, ta ce in dawo da yamma. Da na dawo ta riga ta buga kwafi 30 na gwaji. Ina dubawa sai na ga duk inda ɗ ko ƙ ko ɓ suke firinta ta fitar da ɗan akwati fanko, wasu wuraren alamar tambaya. Shafin Matiyu 28:19 kuwa, ayar yin baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda shi ne zuciyar littafin, sunan Ɗa ya fito akwati da "a" a gefensa. Yarinyar ba ta jin Hausa don haka ba ta ga wata matsala ba, ta ɗauka ado ne. Ogan shagon ya ce takarda da tawada sun riga sun tafi sai na biya, muka yi ta ja har wani dattijon Bayerabe da ya zo fotokwafin takardun fili ya shiga tsakani, aka tsaya a rabi, ₦6,000 kenan a banza. Mun zauna tare da ita muka yi ta canza salon rubutu har muka samu wanda ke fitar da haruffan daidai, na ce ta mayar da shi PDF ta turo min in karanta a waya tukun kafin a sake taɓa firinta. Takardun da suka lalace na kawo gida, bayansu fari ne, yaran Sande sukul za su yi zane.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ruwa tun asuba, kwata ta cika ta shigo layi, mutum bakwai suka iya zuwa. Bita kawai muka yi.

Talata, 20 ga Mayu

Kwanan nan duk dare ina kan littattafan tarihin ikilisiya da Baba Rabaran ya ara min daga na makarantar tauhidi, saboda tambayar Dattijo. Bari in ajiye abin da zan koyar a nan.

Bana shekara 1700 ke nan da taron Nikiya na 325, garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya. Rigimar lokacin kan Yesu ce, don Ariyus na Iskandariya ya koyar cewa Ɗan halitta ne, saboda haka shaidar bangaskiyar da suka rubuta ta yi dogon bayani a kan Ɗa, da ta zo kan Ruhu sai kawai ta ce mun gaskata da Ruhu Mai Tsarki, shi ke nan. Ba a jima ba sai rigimar ta koma can. Wajajen 359 zuwa 360 wani bishop a Masar mai suna Sarafiyon ya rubuta wa Atanasiyus, bishop na Iskandariya, wanda a lokacin yake ɓoye a hamada don sarki na nemansa, cewa ga wasu mutane sun yarda Ɗa Allah ne amma suna cewa Ruhu halitta ne, mala'ika ne da ya fi sauran daraja. Amsar Atanasiyus ta tsaya kan abu biyu da na ga mutanenmu za su gane nan da nan. In Ruhu halitta ne to baftismarmu an yi ta ne da sunan Allah haɗe da sunan halitta, wannan kuwa shirka ce. Na biyu, Ruhu ne ke tsarkake mu yana haɗa mu da Allah, halitta kuwa ita ma tana bukatar a tsarkake ta, ba ta da abin da za ta ba wani.

Sai Basil, bishop na Kaisariya a Kafadokiya. Shi tasa rigimar daga cikin sujada ta taso, ya rufe addu'a yana ba da ɗaukaka ga Uba tare da Ɗa tare da Ruhu Mai Tsarki, wasu suka ce ya kawo baƙon abu. Wajen 375 ya rubuta littafi guda don ya nuna cewa haka ikilisiya ke yi tun da can. Abin mamaki shi ne Basil da kansa ya yi ta kaffa kaffa bai cika fitowa ya ce "Ruhu Allah ne" da waɗannan kalmomin ba, don kada masu neman dalili su samu, abokinsa Girigori na Naziyanzus ne ya fito fili ya faɗa a wa'azinsa a Kustantiniya a 380. Girigori ɗin ne kuma ya ba da amsar da zan kai wa Dattijo: Allah ya bayyana kansa ne a hankali daidai yadda mutane za su iya ɗauka, Tsohon Alkawari ya bayyana Uba sarai ya nuna Ɗa daga nesa, Sabon Alkawari ya bayyana Ɗa ya nuna allahntakar Ruhu, yanzu kuma Ruhun na zaune a cikinmu yana bayyana kansa.

A 381 Sarki Tiyodosiyus ya kira taro a Kustantiniya, Istanbul ta yau, bishop wajen 150. Waɗanda ke musun allahntakar Ruhu su 36 sun zo amma suka fice. Daga wannan taron ne muka gaji sashen da ke cewa Ruhu Ubangiji ne, mai ba da rai, mai fitowa daga Uba, wanda ake yi wa sujada ana ɗaukaka shi tare da Uba da Ɗa, wanda ya yi magana ta bakin annabawa. Basil bai ga wannan ranar ba, ya riga ya rasu.

Zan kuma nuna musu taswira su ga Atanasiyus ɗan Masar ne, Tertuliyan da ya fara rubuta koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da Latin tun farkon ƙarni na uku ɗan Kartaj ne a Tunisiya ta yau, don na gaji da jin cewa Turawan mishan ne suka ƙirƙiro abin suka kawo mana.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na ji tsoron tarihi zai sa su barci, ashe labarin Atanasiyus a ɓoye ya kama su, musamman mazan da suka baro gida saboda rikici. Sunayen ne dai suka ba su wahala, Mama ta ce ita "mutumin Masar" da "mutumin Turkiyya" za ta riƙa cewa.

Dattijo ya karɓi amsar Girigori amma ya ce saura ta addu'a. Na ce Baba, hanyar da aka fi gani a Sabon Alkawari ita ce addu'a ga Uba, ta wurin Ɗa, cikin Ruhu, kamar Afisawa 2:18, kuma ita ce ta yau da kullum, amma wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa ba laifi ba ne a kira shi a roƙe shi. Kafin in rufe baki Mama Uwar Zumunta ta ce to ai Malam kowace Lahadi muna yi ba mu lura ba, me muke cewa in za a tashi? Sai ajin duka suka ɗauka da ka, alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu, da ƙaunar Allah, da zumuntar Ruhu Mai Tsarki. 2 Korantiyawa 13:14 ke nan. Ta ce tun tana yarinya a ƙauye take faɗarsa, kuma da sunan ukun aka nutsar da ita a rafi. Gaskiya Mama ta taƙaita min Basil a magana biyu, zan sa wannan a shafin farko na littafin.

Bayan an tashi wani saurayi mai sayar da albasa a Mile 12 ya tsaya, ya ce maigidansa Alhaji, mutumin kirki da ya riƙe shi kamar ɗa, ya ji yana sauraron rikodin ɗina sai ya ce masa ai Ruhu Mai Tsarki Mala'ika Jibrilu ne, kuma Mai Taimakon da Yesu ya yi alkawari Annabi Muhammadu ne. Yaron bai san me zai ce ba kuma ba ya son ya yi wa babba rashin kunya. Na ce zan yi masa rikodin na daban.

Laraba, 28 ga Mayu

Na yi wa mai albasa saƙonsa, na kuma ƙara shafi biyu a littafin don na san ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago da 'yan'uwa Musulmi yake ci yake sha. Na fara da cewa Alhaji bai ƙirƙira ba, haka yawancin malaman tafsiri suka fassara Ruhul Ƙudus, don haka abin da addininsa ya koya masa ya faɗa. Mu kuma abin da ke cikin namu Littafin za mu faɗa. A Luka 1:35 mala'ika Jibra'ilu ne da kansa yake gaya wa Maryamu cewa Ruhu Mai Tsarki zai sauko mata, yana maganar wani ne daban da shi. Game da Mai Taimako kuwa, Yahaya 14:26 ta faɗi ko wanene, Ruhu Mai Tsarki, 14:16-17 kuma ta ce zai kasance tare da almajiran har abada, duniya ba ta ganinsa, zai zauna a cikinsu, sannan a Ayyukan Manzanni 1:5 Yesu ya ce nan da 'yan kwanaki kaɗan ne. Na ce masa ya gaishe da Alhaji da ladabi, in an tambaye shi ya ce ranka ya daɗe ga abin da Littafinmu ya ce, ya tsaya nan, ba gasar baki aka tura shi yi a kasuwa ba.

Ƙarin shafi biyu ya kai littafin shafi 20. Kuɗi zai ƙaru.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na yi niyyar in taɓa rabuwar ikilisiyoyin Gabas da Yamma kan ko Ruhu na fitowa daga Uba kaɗai ko daga Uba da Ɗa, wato ƙarin "da Ɗa" da aka fara jin sa cikin shaidar bangaskiya a Toledo ta Sifen a 589, wanda yana cikin abubuwan da suka kai ga rabuwar 1054. Minti biyar na ba shi na wuce don na ga idanu sun fara lumshewa, kuma duka ɓangarorin sun yarda Ruhu Allah ne, wanda shi ne namu aikin.

Abin da ya cinye lokacin daban ne. Matasa biyu suka kawo batun harsuna, ɗaya ya ce a wurin da yake zuwa addu'ar dare an ce wanda bai yi magana da harsuna ba ba shi da Ruhu. Muka karanta ƙarshen 1 Korantiyawa 12 inda Bulus ke tambaya ko duka ne ke magana da harsuna, da Romawa 8:9 cewa duk wanda yake na Almasihu yana da Ruhunsa, da Galatiyawa 5:22-23 kan 'ya'yan Ruhu. Ban hana kowa baiwarsa ba, na dai ce mai rabawa shi ke zaɓa. Ɗayan bai gamsu ba kuma na bar shi haka.

Sai wata mama da ba ta taɓa magana a aji ba ta same ni a bakin ƙofa, murya ƙasa ƙasa, ta ce shekarun baya da ɗanta ya rasu ta faɗi maganganu masu zafi ga Allah, tun daga nan take tsoron ko ta yi saɓon Ruhu da ba a gafartawa, ko jibin Ubangiji ta daina ci. Muka buɗe Markus 3 tare, na nuna mata aya 22 da aya 30, maganar an yi ta ne ga malaman Attaura da suka ga aikin Ruhu ƙiri ƙiri suka ce na Shaiɗan ne, da gangan, ba uwa mai kuka a kan gawar ɗanta ba. Na haɗa ta da Baba Rabaran da Mama, don wannan ya fi ƙarfin malamin aji. Dole wannan ma ya shiga littafin, ko da rabin shafi ne.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na karɓo littattafai, kwafi 60, shafi 20, haruffa duk sun fito daidai. Gobe Babbar Sallah, Agege ta cika da raguna da motocin Arewa, gosulo tun daga Abattoir, keke ya ƙi shiga sai da na ɗora kwalin a ka na taka. Bugu da sitefula ₦39,000.

Lahadi, 8 ga Yuni

Fentikos. Aka haɗa ajin da babbar sujada, aka karanta Ayyukan Manzanni 2, Baba Rabaran ya sa muka karanta shaidar bangaskiya ta 381 daga bayan littafin gaba ɗaya a tsaye, karo na farko ga mutane da yawa don mun fi sabawa da ta Manzanni. Littattafai sun ƙare kafin a kai benci na baya, mutanen sashen Turanci ma suka ɗauka wai za su kai wa masu gadinsu. Mai gyaran waya da kansa ya je ya goge maganarsa daga allo, amma ya ce har yanzu bai gane yadda uku suke ɗaya ba. Na ce masa Lahadi mai zuwa ce Lahadin Triniti, Baba ne zai yi wa'azi, ya zauna a gaba. Alhajin Mile 12 ya aiko wa ajin da naman Sallah ta hannun yaronsa, Zumuntar Mata suka soya aka ci bayan sujada.

Talata, 10 ga Yuni

Lissafi don kwamiti: kayan allo da takarda ₦5,200, data duka ₦7,500, bugun da ya lalace ₦6,000, bugu na gaske ₦39,000, kuɗin mota ₦4,300. Jimla ₦62,000, an ba ni ₦40,000, Dattijo ya turo ₦10,000 ta taransifa ba tare da na roƙa ba, saura ₦12,000 daga aljihuna, zan kai rasit ran Asabar.

Abin da ya rage: a sake buga kwafi 40, wannan karon da manyan haruffa don tsofaffi sun yi ƙorafin rubutun ya yi ƙanana. Masu gadi na Ikeja da Ogba sun ce a yi musu nasu zaman ran Asabar da rana lokacin da ake canjin diyuti, ina neman wanda zai ba mu wuri. Akwai kuma waɗanda ba sa karatu sosai, su rikodin ɗin ne littafinsu, don haka zan sake karanta dukan shafi 20 da murya in tura wa Mama ta raba a guruf ɗin mata. Baba Rabaran ya ce ajin baftisma na gaba zai fara a Agusta kuma da wannan littafin za a yi, saboda haka ina bukatar in ƙara tambayoyin bita a ƙarshen kowane darasi kafin ƙarshen Yuli.